Jagora ga sabon mai digiri a Damagaram: yadda za ka ratsa shekarun aikin wucin gadi

Duk wanda ya karɓi takardar lisans ɗinsa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko ya dawo gida da ita daga Yamai, Maraɗi, Tawa ko wata ƙasa, ya kamata ya sa a ransa cewa da wuya aikin da zai fara samu ya zama na dindindin. Abin da ya fi yawa shi ne sitaj, wato koyon aiki a ma'aikata, da ba a biya, ko koyarwa ta sa'o'i a makarantar kuɗi, ko aikin tattara bayanai na sati uku da wata ƙungiya, ko bautar ƙasa, ko kwantiragin da ba a sabuntawa sai kuɗin masu tallafi sun iso. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An buɗe jami'o'in Damagaram, Maraɗi da Tawa a 2010, aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi a 2014, masu digiri suka yawaita, amma wuraren ɗaukar aiki ba su ƙaru daidai da su ba. Jaharmu ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, da mutum sama da miliyan 3 da rabi, alhali babbar masana'antar da kowa ke ambata ita ce matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011, kuma matata ɗaya ba za ta ɗauke yaran jaha guda ba. Ƙungiyoyin agaji kuma, waɗanda suka daɗe suna ɗaukar matasa, sun rage hannu bayan sauyin mulki na 2023 da yanke tallafin Amurka a 2025.

Tunda haka lamarin yake, abin da nake so ƙannena maza da mata su riƙe shi ne kada wani aiki, komai gajartarsa, ya wuce bai bar musu takardar shaida, da wata ƙwarewa, da mutumin da zai tsaya musu, da ɗan abin ajiya ba. Matakan da ke tafe duk a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: haɗa dosiye tun ba a nema ba

Sanarwar ɗaukar aiki takan ba da kwanaki kaɗan, kuma wanda ya fara yawon neman takardu ranar da ya ga sanarwa yakan iske an rufe karɓa. Ka sayi jakar takardu ta roba mai maɓalli, wadda ƙura da ruwan damina ba za su shiga ba, ka zuba takardar haihuwa, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa da ake karɓa a kotu, da takardar bak, da ta digiri tare da takardun maki na kowace shekara, da hotuna. Kowace ka yi mata kwafi da yawa, ka kai ma'aikatar magajin gari ko ofishin ƴan sanda a buga musu hatimin tabbatarwa. Kaziye, wato takardar da ke nuna ba a taɓa yanke maka hukunci ba, ita ce mai wahala, domin ana son wadda ba ta wuce wata uku ba, kuma daga kotun wurin haihuwarka take fitowa. Idan a Gure ko Magarya aka haife ka, ka san tun yanzu wane ɗan'uwa ne zai riƙa karɓo maka ita.

Ka zauna ka gwada takardun nan da juna, harafi da harafi. Sau da yawa akan iske Mahamadou a wata takarda, Mamadou a wata, ko ranar haihuwa ta sha bamban tsakanin takardar haihuwa da ta bak. Wannan ɗan kuskure yana iya jefar da dosiye a ranar gasar shiga aikin gwamnati, gyaransa kuma ta kotu yake bi, yana cin lokaci. Bayan haka ka ɗauki hoton kowace takarda da kyau, ka aika wa kanka ta imel, saboda salula tana ɓata, tana lalacewa. Asalin takardar digiri kuwa ba a barin ta a hannun kowa. A nuna, a gani, a mayar maka.

Mataki na biyu: yin rajista da sanin inda sanarwa take fita

Ka je reshen hukumar ANPE da ke Damagaram, wato hukumar da ke kula da samar da aikin yi, ka yi katin mai neman aiki. Katin ba ya ba da aiki da kansa, amma kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa suna sa shi cikin takardun da suke nema, kuma ka tambayi lokacin sabunta shi. Ka riƙa leƙa allon sanarwarsu, da jaridar Le Sahel, da allunan ofisoshin jaha, ko da sau ɗaya a sati. Zaman fada da shan shayi ba laifi ba ne, a nan ma labari yake yawo, sai dai ka ware safiyarka ga neman aiki da karatu kamar wanda ke da ofis.

Mataki na uku: bautar ƙasa

Shekara biyu ce, kuma alawus ake bayarwa, ba albashi ba, wani lokaci ma yakan yi jinkiri. Duk da haka, ga mai niyyar aikin gwamnati ban ga dalilin ɗage ta ba, tunda takardar kammala ta tana cikin abin da akan nema, kuma gasar shiga aiki tana da iyakar shekarun haihuwa. Abin da ke raba masu bautar ƙasa gida biyu shi ne yadda suka ci shekarun. Wani yana sa hannu da safe ya ɓace. Wani kuma yana neman shugaban sashe ya ba shi aiki takamaimai, ya koyi rubuta wasiƙar hukuma da rahoto, ya san yadda ake tsara kasafi, ya raka tawaga zuwa ƙauye. Idan aka tura ka Tanut ko Dungas, kada ka kashe watanni kana neman a dawo da kai gari, domin a ƙaramin wuri ne ake damƙa wa sabon shiga aikin da a babban ofis ba zai taɓa shi ba.

Mataki na huɗu: sitaj mai iyaka

Sitaj yana da amfani idan yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, da wanda zai koya maka, da takardar shaida a ƙarshe. Ka nemi a rubuta waɗannan ko da a shafi ɗaya ne. A ganina wata uku zuwa shida sun isa. Idan shekara ta zagayo kana buɗe ofis da safe, kana yin aikin da ma'aikaci ke yi, ana ce maka ka ƙara haƙuri, to ba koyo kake yi ba kuma, aiki kake yi kyauta. Ka nemi ganin shugaban wurin cikin ladabi, ka ce masa: "Ranka ya daɗe, na gode da damar da aka ba ni. Ina so in san ko akwai niyyar ɗauka ta, in kuwa babu, a taimaka mini da takardar shaida in nemi wani wuri." Babu rashin kunya a cikin wannan magana, kuma shugaba mai mutunci zai amsa ta.

Mataki na biyar: karanta kwantiragi kafin sa hannu

A nan ne aka fi cutar sabbin masu digiri, saboda murnar samun aiki da kunyar yin tambaya. Dokar aiki ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2012, ta raba kwantiragi iri biyu: mai wa'adi, wanda aka sani da CDD, da marar wa'adi, wato CDI. Mai wa'adi a rubuce ake yin sa, ba ya wuce shekara biyu, kuma sau ɗaya ake sabunta shi. Lokacin gwaji ma yana da iyaka, ba a barin mutum cikinsa har abada. Sa'o'in aiki 40 ne a sati, hutu kwana biyu da rabi ne a kan kowane watan da aka yi aiki, mace mai ciki kuma tana da hutun haihuwa na sati 14. Mafi ƙarancin albashi tun Janairun 2024 jaka 42 ne, wato dubu 42 na sefa. Wannan ba albashin mai digiri ba ne, iyaka ce da doka ta hana a sauka a ƙarƙashinta ga mai cikakken aiki.

Ka roƙi a ba ka takardar ka kwana da ita. Ka duba sunan wanda ya ɗauke ka, domin sau da yawa babbar ƙungiya ce a kan allo da jikin mota, amma wata ƙaramar ƙungiya ko wani ɗan kwangila ne mai biyanka, kuma shi za ka bi idan aka samu matsala. Ka duba ko kuɗin da aka rubuta kafin cire haraji da kason CNSS, wato asusun fansho da kariyar ma'aikata, ne ko bayan an cire. Ka duba ranar biya, da wurin aiki, da wanda zai ɗauki kuɗin mota da kwana idan aka tura ka daji, da abin da zai faru idan masu tallafi suka tsayar da shirin kafin wa'adi. Ka lura kuma ko kwantiragin aiki ne ko na hidima. A na hidima ba a ɗauke ka ma'aikaci ba, babu hutu, babu CNSS, wani lokaci har lambar haraji za a nema a wurinka, saboda haka kuɗinsa ya kamata ya fi na ma'aikaci, ba ya gaza shi ba. Idan kun sa hannu, ka karɓi kwafinka a ranar.

Makarantun kuɗi suna buƙatar magana ta daban, tunda nan ne yawancinmu ke farawa. Darakta zai ce maka yana biyan kaza a kan kowace sa'a, ku yi musabaha, shi ke nan. Kafin ka shiga aji, ka tambaye shi ko ana biyan sa'ar da ta faɗa ranar hutu, da gyaran takardun jarrabawa, da watannin Yuli zuwa Satumba da makaranta ke rufe. Yawanci amsar ita ce a'a, kuma gara ka ji ta a Oktoba da ka ji ta a Yuni. Sannan ka sayi ƙaramin littafi, ka ja layi huɗu: rana, aji, sa'o'i, sa hannu. Duk ranar da ka fito daga aji, mai kula da ɗalibai ya sa maka hannu. Ranar biya, idan lissafinsu ya ce sa'a 38 naka ya ce 44, littafin ne zai yi magana ba tare da ka ɗaga murya ba.

Mataki na shida: CNSS da takardar albashi

Wajibi ne mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikacinsa rajista a asusun CNSS. Ana cire kashi 5.25 cikin 100 daga albashinka, shi kuma ya ƙara nasa kason wanda ya fi naka yawa. A albashin jaka 100, naka ya kama sefa 5,250. Kason nan biyu, naka da nasa, su ne fansho, da kuɗin iyali, da diyya idan ka yi hatsari a bakin aiki, kuma ga mai yawo a kan babur tsakanin ƙauyuka hatsari ba labarin nesa ba ne. Lambar da aka ba ka taka ce har ƙarshen aikinka, duk inda ka koma da ita za ka tafi, shi ya sa watanni shida a nan da takwas a can suke taruwa. Bayan wata uku ko huɗu, ka je ofishin CNSS da kanka ka tambaya ko ana zuba kuɗin, domin akwai masu cirewa a takarda ba su kai ba. Kowace takardar albashi ka ajiye ta cikin jakar nan. Idan a hannu ake biyanka, ka nemi rasit.

Mataki na bakwai: fita da takarda, da kuma neman haƙƙi

Idan kwantiragi ya ƙare, doka ta ba ka haƙƙin takardar shaidar aiki mai nuna ranar shiga, ranar fita da muƙamin da ka riƙe. Ka nema tun saura sati biyu, lokacin da shugabanka yana nan kuma hatimi yana cikin aljihun tebur, domin shirin da aka rufe ma'aikatansa watsewa suke yi. Ka karɓi lambar mutum ɗaya ko biyu da suka ga aikinka da idonsu, ka nemi izininsu kafin ka sa sunansu a takardar neman aiki, ka kuma riƙa gaishe su da salla ba sai kana da buƙata ba.

Idan an riƙe maka albashi, ka fara da magana, sannan wasiƙa mai kwanan wata wadda ka ajiye kwafinta. In abin ya ƙi, ka tafi ofishin sufeton aiki na jaha da kwantiraginka da littafinka da rasit. Sufeto yakan kira ɓangarorin biyu ya nemi sulhu, sai sulhu ya gagara ake zuwa kotu. Na san mutane da yawa suna cewa a bar wa Allah, ko suna tsoron a ɓata musu suna a garin da kowa ya san kowa. Tsoron yana da tushe, amma neman haƙƙi cikin natsuwa ta hanyar hukuma ya fi zagi a WhatsApp tsare mutunci, kuma yana rage wa wanda zai zo bayanka irin wannan cuta.

Ke kuma ƙanwata, idan wani mai ɗaukar aiki ya ce ki same shi a gida ko a masauki, ko ya mayar da maganar aiki hirar dare a waya, ki tsaya a kan cewa a ofis za ku haɗu, a lokacin aiki. Ki ajiye saƙonnin, ki faɗa wa wani babba da kika amince da shi. Laifin nasa ne, ba naki ba.

Mataki na takwas: kuɗin wata shida su ci wata goma

Mai aikin wucin gadi ba ya lissafi da albashin wata, yana lissafi da tazarar da ke tsakanin aiki da aiki. A ce an ba ka jaka 150 a wata na tsawon wata shida, jimla jaka 900 ke nan. Idan ka ƙaddara za ka zauna wata huɗu kafin wani ya samu, abin da kake da shi a gaskiya jaka 90 ne a wata. A kan wannan za ka tsara haya, da cefane, da kuɗin ruwa wanda duk ɗan Damagaram ya san yadda yake tashi a bazara. Ragowar ka raba ta da aljihunka tun ranar biya, ko a asusu, ko a adashe na mutanen da ka sani, ko ka sayi tunkiya a bar maka ita a ƙauye.

Gida ma sai an yi musu bayani. Iyaye sun sha wahalar karatunka, suna da haƙƙi a kanka, amma da yawa suna ɗauka duk wanda ya rataya kati a wuya ya shiga mota mai tambari ya zama ma'aikaci. Ka zauna da Baba da Inna ka faɗa musu adadin da ranar ƙarewar aikin, ka yanke abin da za ka riƙa bayarwa kowane wata wanda ba zai gagare ka ba. Kada ka ci bashin babur ko na aure a kan kwantiragin da bai kai tsawon bashin ba.

Mataki na tara: ƙara abin da jami'a ba ta ba ka ba

Digiri yana buɗe ƙofar dosiye, amma ranar gwaji kwamfuta za a ajiye maka. Ka iya Excel sosai, ka iya tattara bayanai da KoboCollect a salula tunda da shi yawancin masu bincike ke aiki, ka iya rubuta rahoto mai shafi biyu da Faransanci marar kuskure. Lasisin tuƙi yana da amfani, Ingilishi ma haka, ga Kano kusa da mu. Harsunanka kuma dukiya ne: wanda ke jin Hausa da Barbarci, ko Fulatanci, ko Tubanci, ya rubuta su a takardarsa, domin aikin ƙauye da su ake yin sa. Game da mastar, shawarata ita ce kada ka shiga don gudun zaman gida kawai. Ka fara duba sanarwoyi goma na irin aikin da kake so, ka ga ko ita suke nema ko shekarun aiki.

Mataki na goma: gasar gwamnati, ƴan damfara, da sana'ar kai

Gasar shiga aikin gwamnati ba ta da tsayayyen lokaci, saboda haka shiri ake yi tun babu sanarwa. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku nemo tsofaffin tambayoyi, ku riƙa gwada rubutu da agogo. Koyarwa ko aikin likita na kwantiragi da gwamnati hanya ce da mutane da yawa suka bi har suka samu lambar zama cikakken ma'aikacin gwamnati, amma jiran yana da tsawo, kada ka rufe sauran ƙofofi saboda shi.

Inda ake jira, nan ƴan damfara suke kiwo. Saƙo zai shigo maka da tambarin wata babbar ƙungiya, da albashi mai tsoka, a ce ka aika jaka 15 na buɗe dosiye zuwa wata lamba kafin gobe. Ƙungiyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki, abin da hukuma ke karɓa a gasa kuwa yana cikin sanarwa kuma da rasit. Ka taka zuwa ofishin da aka ambata ka tambayi mai gadi ma, zai faɗa maka ko ana ɗauka. Haka wanda ya ce yana da hanya a Yamai, a ba shi kuɗi ya sa sunanka.

Sana'ar kai kuma ba sai an fidda rai da aikin ofis ake fara ta ba. Wanda ya karanta lissafin kuɗi yana iya riƙe wa ƴan kasuwa uku na kasuwar Dole littattafansu, wanda ya karanta noma yana iya shiga harkar iri, ko gyaɗa da riɗi daga Matamai da Magarya, malami kuma yana iya haɗa ɗalibai masu shirin BEPC da bak. Ka fara da ƙarami, ka raba kuɗin sana'a da na aljihu, ka tambayi asusun FAFPA, mai tallafa wa koyon sana'a, irin horon da yake ɗauka. Idan ciniki ya kai inda ma'aikatu da ƙungiyoyi za su saya a wurinka, za su nemi rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF, kuma ta ofishin Maison de l'Entreprise da ke ƙarƙashin zauren ƴan kasuwa ake yin su. Sai dai lambar haraji tana zuwa da wajibin kai bayani ga ofishin haraji a kan lokaci, saboda haka kafin ka buɗe ta ka zauna da ma'aikacin haraji ya faɗa maka tsarin da ya dace da girman cinikinka, da ranakun da za ka riƙa kai takardu, ka rubuta su a littafinka.